Babi na Shida: Ya Gan Ni, Ya Gaya Mini, Ya Zo da Ni

Akwai wata 'yar kalma a Ingilishi, harufanta biyu kacal, wadda take kayar da masu fassara fiye da manyan kalmomin likitoci da lauyoyi. Kalmar ita ce "me". Babbar kalma takan tsayar da mutum har ya buɗe ƙamus. Ƙarama kuwa tsallake ta yake yi da gudu, don yana ganin tun yana aji ɗaya ya gama da ita: malam ya ce "me" shi ne "ni", magana ta ƙare. A wannan babi za mu bi sawun wannan kalma, da 'yar'uwarta "us", daga bakin Bature zuwa harshen mutanen Fotugal da Burazil, wanda zan riƙa kira Fotugisanci. Ta Argungu za mu ratsa, domin abin da nake son nunawa shi ne, a wannan fage, Bakabe ya fi Baturen Ingila kusa da mutumin Lisbon, ko da bai taɓa jin sunan garin ba.

Mai karatu yana iya cewa, me ya haɗa ƙasar Kebbi da Fotugisanci? Abin da ya haɗa su ya fi yadda ake zato. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, fadamar Rima ta shiga bakin duniya, manyan injinan casa suka tashi a Birnin Kebbi da Argungu. A farkon 2019 gwamnatin tarayya ta sanar da wata babbar yarjejeniyar kayan noma da Burazil, kuma duk da jan ƙafar da aikin ya yi, tarakta ba ta tafiya ita kaɗai, da takardunta da makanikenta take zuwa. Ƙungiyar ECOWAS ma da harsuna uku take aiki, na ukun Fotugisanci ne, saboda Gini Bisau da Kabo Verde. Masu wannan harshe a duniya sun haura miliyan 250, Burazil kaɗai ta ɗauki sama da miliyan 200, ga Angola ga Mozambik. Akwai kuma wata tsohuwar alaƙa mai ɗaci da za mu zo kanta a ƙarshen babin.

Mu sauka bakin kogin Matan Fada a Argungu ranar bikin kamun kifi. Wannan biki, a yadda aka san shi yanzu, ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka binne tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Dubban masunta ne ke faɗawa ruwa lokaci guda, kowa da homarsa da goransa, amma mutum ɗaya ne ke fitowa da kifin da ya fi na kowa. Sauran da labari suke fitowa. A ce ga ɗaya daga cikinsu, jiki duk taɓo, yana cewa:

"Giwan ruwa ya ja ni. Ya yaga mini homa. Ƙanena yana tare da ni, amma ya kasa taimakona. Mutanen gaɓa kuwa sai dariya suke yi mini."

Tafinta zai juya wa baƙo da Ingilishi: "it pulled me, it tore my net, my brother was with me, he could not help me, they were laughing at me". Sau huɗu "me" ta fito, kamanninta ɗaya, a jimla ta biyu kuma ta ɓace gaba ɗaya. Da baƙon ɗan Fotugal ne, ga abin da kunnensa zai so ji: "puxou-me, rasgou-me a rede, estava comigo, não conseguiu ajudar-me, riam-se de mim". A nan siffofi uku ne, "me" da "mim" da "comigo", kuma jimlar homa ba ta yar da mai homar ba. Ingilishi a tsakanin harsunan nan biyu kamar kwalekwale ɗaya ne a mashigi: mutane da awaki da buhunan shanshera duk ciki suke shiga, in an kai wancan ƙetare dole a samu wanda ya san kayan kowa, in ba haka ba a sauke wa wani kayan wani.

Ba haka Ingilishi ya taso ba. A tsohon Ingilishi, na shekaru dubu da suka wuce, akwai "mec" ga wanda aiki ya faɗa wa kai tsaye, akwai "me" ga wanda aka yi wa ko aka ba. Sannu a hankali ta biyun ta haɗiye ta farkon. Fotugisanci kuwa ɗan Latin ne, kuma ya riƙe wani abu daga gadon uwarsa, sai dai ya raba gadon ta wata hanya. Dokarsa mai sauƙin faɗa ce. In lamirin yana manne da aikatau, "me" ne. In wani harafi irin su "para" ko "de" ko "sem" ko "por" ya gabace shi, sai ya koma "mim": "para mim" domina, "sem mim" ba tare da ni ba, "gosta de mim" yana sona. Harafi ɗaya ne ya ƙi bin layi, wato "com", mai ma'anar tare da. Ba a cewa "com mim", sai "comigo". Latin yakan ce "mecum", ya sa "tare" a bayan lamiri. Da baki ya yi ta goge kalmar har ta zama "migo", mutane suka manta da akwai "tare" a cikinta, sai suka sake liƙa wata a gaba. Duk ɗan Burazil da ya ce "vem comigo", taho tare da ni, sau biyu ya faɗi "tare" bai sani ba.

Wani tarko yana nan ga Bahaushe musamman. Lafazin "mim" da hanci ake ƙarasa shi, har ya yi kama da "min" ɗinmu na "gaya min". Kamar ta tsaya a kunne. Babu dangantaka tsakaninsu, kuma aikinsu ya sha bamban: "ya gaya min" shi ne "disse-me", wanda ya ce "disse mim" ya yi gwaranci.

Wannan ya kawo mu inda Hausa ta fi su duka biyun tsantseni. Fotugisanci bai bambanta "ya gan ni" da "ya gaya mini" ba. "Viu-me" da "disse-me", lamirin ɗaya ne. Mu kuwa ba lamirin kaɗai muke sauyawa ba, shi kansa aikatau sai ya sake riga gwargwadon wanda zai tarba. Muna cewa ya gani, ya ga Audu, ya gan ni. Muna cewa ya tambaya, ya tambayi malam, ya tambaye ni. Wannan ne tsarin da masanin harshe F. W. Parsons ya jera cikin azuzuwan aikatau a 1960, ɗaliban Hausa a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da sauran makarantu suke ta haddacewa, alhali tsohuwar da ke sayar da soyayyen kifi a ƙofar makarantar ba ta taɓa kuskure a kai ba. Dubi abin da wasali ɗaya yake yi: ya saye ni, ya saya mini. Ya sayar da ni, ya sayar mini. A Fotugisanci "comprou-me" da "vendeu-me" kowace tana ɗauke da ma'anonin biyu, sai abin da ya biyo baya ne zai raba gardama. "Comprou-me um peixe" ma tana iya nufin ya saya mini kifi, tana iya nufin a wurina ya saya. Kada mu cika baki dai, mu ma "ya sayar mini da kifi" ba ta faɗi ko ni na saya, ko aike na yi, ko kifina aka sayar ban sani ba.

Sai kuma abin da ke rikita baƙi masu koyon Hausa, wanda mu ba ma lura da shi. Da zarar aiki ya zama mai ci gaba, "ni" yakan ɓuya cikin ɗafin mallaka: yana nemana, yana kirana, yana kallona. In sunan aikin tamace ne, ɗafin ya bi shi: yana tambayata. Ƙato mai gemu zai ce "ɗan sanda yana tambayata", kuma babu wanda zai yi dariya, domin "ta" ɗin ta tambaya ce, ba tasa ba. Mai fassarar da ya ga "na" ya ɗauka mallaka ce zai rubuta "meu", nawa, inda ake son "me".

Irin wannan bin diddigin lamiri ba baƙon abu ne a ƙasar Gwandu ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805, ya bar manyan littattafai biyu cikin waƙe a kan Larabci, al-Bahr al-Muhit a nahawu da al-Hisn al-Rasin a sarfu. Almajirin da ya zauna a zaure ya karanci nahawu ya san lamiri mai ɗafuwa da lamiri mai zaman kansa, ya san cewa "nawa" a jikin suna wasali ne kawai, kamar a "kitabi", amma a jikin aikatau sai an sa wani nun ya tsare, a ce "nasarani", ya taimake ni. Wannan "ni" na Larabci ya faɗa daidai kan namu, kuma masana da yawa suna ganin gadon kaka ɗaya ne, tunda harsunan biyu dangi ne na nesa. A ganina fassarar zaure, wadda take bin Larabci kalma bayan kalma, ita ta cika Hausar wa'azi da "a gare ni" da "zuwa gare mu" a wuraren da mutumin kasuwa zai ce "mini" da "mana". Fassara takan bar sawunta a harshen da ta sauka.

Yanzu mu koma kan homar da ta yage, domin nan ne zuciyar maganar. Hausa tana da hanyoyi biyu na faɗar asara. Manomin da ambaliyar 2020 ta shafe wa fadama a Kebbi yana iya cewa "ruwa ya cinye shinkafata", yana iya cewa "ruwa ya cinye mini shinkafa". Ta farko rahoto ce, irin wadda ake ba jami'in da ya zo da takarda yana ƙirga gonaki. Ta biyu kuka ce. A ta farko shinkafa abin ya sama, mai ita yana gefe a matsayin mai mallaka. A ta biyu shi abin ya sama, shinkafar hanya ce kawai da masifar ta biyo ta iso gare shi. Haka "an sace mini gora", "kada ka ɓata mini yaro", "ya kashe mini kasuwa", "ta zubar mini da mutunci". Ba a ba mai magana komai ba a waɗannan jimloli, ba a kuma yi don amfaninsa ba. "Mini" ɗin yana nuna wanda abin ya taɓa ne.

Fotugisanci yana da wannan ginin kamar an kwafa. "A cheia levou o meu arroz" rahoto ne, "a cheia levou-me o arroz" kuka ne. "Roubaram-me a cabaça", an sace mini gora. "Não me estragues o menino", kada ka ɓata mini yaro. Har ciwo ma haka suke faɗarsa: "dói-me a cabeça", kai yana yi mini ciwo. A Fotugal wannan maganar yau da kullum ce. A Burazil bakin talaka ya fi karkata ga mallaka, amma ginin yana raye a rubutu da cikin faɗa da gargaɗi, inda uwa za ta cusa "me" a jimlar da ba ta buƙatarsa don yaro ya san ranta ne zai ɓaci.

Ingilishi ba shi da wurin ajiye wannan. "The flood destroyed my rice" ita ce fassarar jimlolin manomin duka biyu. Suna da 'yar dabara ta cewa "on me", kamar mai cewa mota ta mace masa a hanya, amma maganar titi ce, kuma ba ko'ina take shiga ba. To, ga inda abin ya shafe mu. Kusan duk fassarar da za a yi yau tsakanin Hausa da Fotugisanci ta Ingilishi take bi, ko mutum biyu ne suka yi karɓa-karɓa, ko manhajar waya ce, domin rubutun da irin waɗannan manhajoji suka koya daga gare shi galibi da Ingilishi aka gwama shi. Kukan manomi zai shiga a matsayin kuka, ya fito a matsayin rahoto, ba tare da an yi kuskuren nahawu ko ɗaya da za a nuna da yatsa ba. Wannan ya fi kuskure muni, don kuskure ana ganinsa a gyara. Shawarata ga Bahaushen da aka miƙa wa takardar Ingilishi ya juya ta zuwa Fotugisanci ita ce, kafin ya rubuta komai, ya faɗi jimlar a ransa da Hausa. In bakinsa ya kawo "mini" inda Bature ya rubuta "my", to akwai yiwuwar ɗan Lisbon ma "me" zai sa.

Akwai kuma wuraren da "me" ta Ingilishi ba karɓau ba ce sam, shigar burtu kawai ta yi. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa aka ce wane ne, ya ce "it's me", ba a yi masa komai ba. Fotugisanci a nan yakan koma ga lamirin mai aiki, ya ce "sou eu". "Me too" ita ce "eu também". "Taller than me" ita ce "mais alto do que eu". Hausa ba ta da wannan matsala a biyun farko, "ni ne" da "ni ma", domin "ni" mai zaman kansa ba ya tambayar ko shi ya yi ko shi aka yi wa. A ta uku kuwa mun bi tamu hanya, muka mayar da kwatanci aikatau: ya fi ni tsawo. A nan Hausa ba za ta yi wa mai fassara jagora ba, sai ya haddace. Su kansu masu harshen suna tuntuɓe a wannan iyaka. Miliyoyin 'yan Burazil suna cewa "para mim fazer", don in yi, malaman makaranta suna ta jan kunne cewa "para eu fazer" ne daidai, tunda mai maganar shi zai yi aikin.

Da mai fassara ya zaɓi "me", sai wata tambaya ta taso wadda ba ta taɓa damun Bahaushe ba: a ina za a ajiye ta? Namu "ni" bayan aikatau yake zama, ba ya motsi, sai in an ɗauko shi don ƙarfafawa, a ce "ni ya gani", aikatau ya koma siffarsa ta asali. Nasu yawo yake yi. Ɗan Fotugal zai ce "ele viu-me", ɗan Burazil ya ce "ele me viu". A Fotugal, kalmar korewa ko ta tambaya takan jawo lamirin gaba, a ce "não me viu", bai gan ni ba, "quem me viu", wa ya gan ni. A tsohon salon rubutu har tsakiyar aikatau yake kutsawa, "dar-me-á", zai ba ni, abin da yau sai a takardun hukuma da bakin mai son a san ya yi karatu. Dokar littafi ta ce kada a buɗe jimla da "me". Ɗan Burazil kuwa da ita yake buɗe baki tun safe: "me ajuda", taimake ni, "me espera", jira ni.

Kada a ɗauka ƙaramar rigima ce. A 1902, da aka kai daftarin dokar zaman jama'a ta Burazil gaban majalisar dattawa, sanata Rui Barbosa ya yi masa kaca-kaca ta fuskar harshe, wanda ya duba harshen daftarin kuwa tsohon malaminsa ne, Ernesto Carneiro Ribeiro. Malami da ɗalibi, dukansu 'yan jihar Bahiya, suka yi ta musayar raddi mai ɗaruruwan shafuka, kuma mazaunin lamiri yana cikin abubuwan da suka yi ta ja a kai. Dokar ba ta fito ba sai 1916. A 1925 mawaƙi Oswald de Andrade ya fitar da wata gajeriyar waƙa, Pronominais, yana yi wa masu nahawu shaguɓe a kan wannan batu, yana goyon bayan yadda mutanen titi ke magana.

Bakabe zai gane wannan ciwo ba sai an yi masa dogon bayani ba. Daidaitacciyar Hausa, wadda ta kafu ta hannun hukumar talifi ta Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, a kan karin Kano aka gina ta. Yaron Argungu yana tashi da "ya gaya muna", ya je makaranta a ce masa "mana" ne. Yana cewa "ya gaya ma Audu", littafi ya ce "wa". Yana cewa "ni na", a gyara masa zuwa "ni ne". "Mini" kanta tana da 'yan'uwa, mani da min da man, kowace da yankin da ta fi ƙarfi. Babu wadda ta fi wata asali. Amma mai fassara ba alƙalin wannan shari'a ba ne, aikinsa ya san wa zai karanta. Takardar da za ta je ofis a Luwanda ko Bisau tsarin Lisbon za ta bi, wadda za ta je hannun makanike daga Sawo Paulo kuma, in aka cika ta da "dar-me-á", zai ɗauka ba'a ake yi masa. "Muna" ta Kabi kuma tana da nata haɗari a rubuce, inda babu karin sauti: "ya kawo muna abinci" tana iya sa wanda bai san karin yamma ba, mutum ne ko na'ura, ya ɗauka "muna" ta "muna zuwa" ce.

Jam'i bai da wuya in an gane tilo. "Us" takan zama "nos" a jikin aikatau, "nós" mai alama a ka bayan harafi, sai "conosco" a Burazil, "connosco" a Fotugal, tare da mu. Abin lura shi ne a bakin 'yan Burazil duk waɗannan suna ja da baya a gaban "a gente", wadda asalin ma'anarta "mutane". "Ele viu a gente", ya gan mu. Wannan ma ba baƙo ne gare mu ba. In yaro ya cika surutu, babba ya daka masa tsawa ya ce "kai, ka dami mutane", ko da su biyu ne a ɗakin, kowa ya san su wane ne mutanen. Sai dai kowace da muhallinta. In Sarkin Kabi ya ce "an kawo mana ƙara", mutum ɗaya ne ke magana da bakin sarauta, kuma Fotugisanci yana da irin wannan "nos" ta girma. Tafintan da ya sa wa sarki "a gente" ya sauke shi daga karaga ya zaunar da shi a teburin mai shayi. Haka talakan da ya durƙusa ya ce "ranka ya daɗe, a taimake ni": ya ɓoye wanda yake roƙo cikin "a" don ladabi. Ingilishi zai ce "help me", Fotugisanci kuwa yana da siffar aikatau ta girmamawa, "ajude-me", dabam da "ajuda-me" da ake faɗa wa aboki. Wanda ya zo ta Ingilishi ba shi da abin da zai gaya masa wacce zai ɗauka.

Saura tsohuwar alaƙar da na ambata. Hausawan farko da suka yi Fotugisanci da yawa ba a aji suka koya ba. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 a ƙasar Hausa sun zubar da kamammu masu yawa, daga kowane ɓangare na faɗan, aka yi ta gangarawa da su kudu har bakin teku, daga Ikko da Wida da makwabtansu jirage suka kwashe su zuwa Bahiya. A can aka san su da "haussás". A 1807 hukumar birnin Salbado na Bahiya ta bankaɗo wani shirin tawaye nasu. A watan Fabrairu na 1814 bayi suka tashi a wuraren kamun kifi da ke gaɓar teku arewa da birnin, wajen Itapuwa, mafi yawansu Hausawa, kuma takardun shari'a sun kira wani jagoransu "malomi", kalmar da ba ta buƙatar tafinta a wurinmu. A babban tawayen Musulmi na watan Janairun 1835, wanda Yarabawa suka fi yawa a cikinsa, 'yan sanda sun tsinci layu da takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe da gidajen waɗanda aka kama. Wanda aka kira ya karanta wa hukuma su wani bawa ne Bahaushe da aka laƙaba wa suna Albino. Ga mutumin da ya yi karatun allo a ƙasar Hausa, yana tsaye gaban alƙali a wata nahiya, yana juya Larabci zuwa harshen waɗanda suka saye shi. A wurinsa "vendeu-me" ba misalin nahawu ba ce. Shekaru da dama bayan haka likita Nina Rodrigues ya tarar da ragowar tsofaffin Hausawa a Salbado, ya rubuta kalmomi daga bakinsu, suka fito a littafinsa da aka buga a 1932, bayan rasuwarsa.

Masana tarihi, musamman João José Reis, sun tono waɗannan takardun shari'a, kuma wata rana wani ɗalibi daga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko ta Sakkwato zai so ya kawo su Hausa. Zai tarar da wani abu da ya shafi babin nan kai tsaye. Magatakardan kotunan wancan zamani ba sa rubuta maganar wanda ake tuhuma yadda ta fito daga bakinsa. Juya ta suke yi: "respondeu que", ya amsa cewa, sannan su kira shi "ele respondente", shi mai amsawa. Mutumin ya ce an kama ni, takarda ta ce an kama shi. Ya ce ubangidana ya sayar da ni, takarda ta ce ubangidansa ya sayar da shi. Shafi bayan shafi na maganar Hausawa da Yarabawa da Nufawa, da wuya a ci karo da "me" ko "mim" a bakinsu.

Mai fassara zai ji kwaɗayin ya mayar musu da "ni" ɗinsu, ya rubuta "suka kama ni a gidan malam" don labarin ya yi rai. A littafin ƙirƙira yana da wannan dama. A aikin tarihi ina ganin bai kamata ba. Abin da ke takardar ya ratsa ta tsoron mai magana, ya ratsa ta guntun Fotugisancinsa ko bakin wani tafinta, sannan magatakarda ya zaɓi abin da zai rubuta da kalmomin da zai rubuta shi. In aka sa "ni" a kai, an jingina wa bawan Allah maganar da ba a tabbatar haka ya faɗe ta ba, an kuma ɓoye wa mai karatu hannun da ya shiga tsakani. A bar "shi" a inda magatakarda ya sa "ele", a bar "ya amsa cewa" duk sau nawa ta maimaitu, sannan a yi wa mai karatu bayani a gabatarwa cewa haka kotunan Bahiya suke ɗaukar magana a 1835.